Farin Dutsen Dolina

A ƙofar tsohuwar maƙabartar Kilerran akwai tarin duwatsu da aka ɗaure da siminti, tsayinsa ya fi mutum biyu. Baƙi suna tsayawa su ɗauki hoto, wasu har da share hawaye. Mu 'yan gari kuwa sai mu kau da kai mu wuce, don mun san da me aka gina shi. A can samansa akwai wani rami a cikin simintin, kamar gurbin haƙorin da aka cire. Dolina MacAskill ce ta sa aka yi wannan ramin, tana da shekara saba'in da tara, tana dogara sanda.

Dolina 'yar Tormod ce, mai haƙar kabarin garin. A duk maƙabartar, kaburburan da ke da rubutu goma sha biyu ne kacal, suna jere a gindin bangon coci: fastoci, mai kanti, da dangin wakilin mai ƙasa. Sauran talakawa wa ya ba su abin sassaƙa dutse? Idan mutum ya mutu, danginsa su gangara bakin teku ko su hau tudu, su zaɓo dutsen da ya yi musu, su kafa a kansa, shi ke nan. Rubutun yana cikin kan Tormod, shi ma a wurin ubansa ya gada.

Asabar ta farko a watan Yuli ita ce ranar lauje. Kowane gida ya fito da laujensa, kowa ya durƙusa ya yanke ciyawar da ta rufe duwatsun danginsa, Tormod yana bi yana kiran suna. Daga ƙofa yake farawa. "Jan dutsen nan Ewen masaƙi ne. Taki uku gabas, mai tsagar nan, matarsa Peigi. Na kwancen da ke gefenta ɗansu ne da ruwa ya ci." Haka zai yi ta tafiya, kowane dutse shi ke nuna na gabansa, kamar saƙar safa wadda in madauki ɗaya ya kuɓuce sauran ke warwarewa. Masu rubutun nan goma sha biyu ko kallonsu ba ya yi, yakan ce su sun iya gabatar da kansu.

Tormod yana da ɗa namiji, Iain, amma shi Iain hankalinsa yana kan jirgin da zai fitar da shi daga garin. Dolina ce ke bin uban tana riƙe da dutsen wasa lauje. A zamanin mata ba sa zuwa bakin kabari ranar binnewa, amma ba wanda ya hana su ranar lauje. Kafin ta cika sha biyu tana iya kiran duwatsu ɗari uku da sha huɗu ba tare da ta yi tuntuɓe ba, kuma in uban ya kuskure sai ta gyara masa a gaban jama'a. Tun daga lokacin aka san bakinta ba shi da linzami.

Ta auri Lachie MacAskill, masunci, tana da ashirin da huɗu. A shekara ta biyu ta haifi 'ya mace a tsakiyar sanyin Fabrairu, aka sa mata Ishbel. Kwana huɗu yarinyar ta yi a duniya. Dusar ƙanƙara ta toshe hanya, fasto bai iso ya yi mata baftisma ba, kuma a ƙa'idar wancan lokacin irin waɗannan jarirai gindin bangon arewa ake kai su, cikin ciyawa mai ƙaiƙayi. Tormod ya rungumi ɗan akwatin da safe, ya wuce bangon arewa ko waiwaye bai yi ba, ya haƙa a tsakiyar maƙabarta a wajen ƙafafun marigayiya matarsa, ya sa jikarsa. Dattawan coci sun gani, amma ba wanda ya ce uffan, don kowa ya san a hannun Tormod zai ƙare. Dolina tana kwance da zazzaɓi ba ta ga komai ba. Da ta tashi, ita da kanta ta gangara bakin teku ta zaɓo wani farin dutse mai girman butar shayi, da baƙar jijiya da ta zagaye shi kamar an ɗaura masa zare.

Ba ta sake haihuwa ba. Bayan shekara tara teku ta ci Lachie, ko hularsa ba a samu ba. Don haka a duk faɗin duniya wuri ɗaya Dolina ke da shi da za ta je ta tsaya, kuma babu wanda ba ta gaya wa ba a Kilerran: ranar da ta mutu, a ɗaga farin dutsen, a haƙa, a kwantar da ita da 'yarta. Shekara hamsin da uku tana faɗa, har ya zama abin tsokana. Idan ta yi tari sai maƙwabciyarta Effie ta leƙo ta katanga ta ce, "In kira masu shebur ne?" Ita kuma ta ce, "Kira su, ai ke za su fara aunawa."

Sauran rayuwarta ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Shekara talatin tana dafa wa 'yan makaranta miyar dankali, tana kiwon kaji da tumaki shida, tana saƙa safa tana ba mutanen da ba su roƙa ba. Abin da ke cinta shi ne ranar lauje. Da fari mutum arba'in ke fitowa, sai aka koma goma sha biyu, sai biyar, daga ƙarshe sai ita da Effie kawai, tsofaffi biyu a durƙushe cikin ciyawa, ɗaya tana kiran suna ɗaya tana ƙorafin baya. Mu da muke ta fushi a kan maƙabartar yau, ina muke a lokacin? Muna gida muna kallon ƙwallo. Muka bar aikin ga wani ɗan garin, Dougie, da injin yankan ciyawarsa, shi kuma kullum yana zagin duwatsun don suna karya masa wuƙar inji.

Ana nan sai Hector ya dawo gari. Hector ɗan Iain ne, wato ɗan wan Dolina, ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da tarihi a Glasgow. Yana son Kilerran, wannan kam ba a musu, amma irin son da ake yi wa gari daga nesa, a cikin littafi. Kafin wata uku ya kafa Kwamitin Tarihin Kilerran, shi ne shugaba. Wata rana ya shigo kicin ɗin Dolina da ledar biskit da 'yar na'urar ɗaukar magana, ya ajiye a kan tebur.

"Gwaggo, sunayen nan nake so ki faɗa a cikin wannan. In rubuta su, kada su ɓace."

Dolina ta kalli na'urar, ta kalle shi. "Ka san hanyar maƙabarta?"

"Haba, Gwaggo."

"To ka zo ranar lauje da laujenka. Ka durƙusa, in nuna maka kowa a inda yake."

"Ai gwiwata ce ba ta da lafiya, likita ya ce..."

"Ta kakanka da ƙarfe aka ƙera ta? Ba a kiran matattu a kicin ana tauna biskit, Malam Hector. Suna ba tare da wurinsa ba, me za ka yi da shi? Ka jiƙa ka sha?"

Ya yi dariya ya ce zai zo. Ranar lauje ta zo, yana Inverness wurin taro. Shekara ta zagayo, ya sake turo na'urar ta hannun Effie, Dolina ta mayar masa da ita a cikin kwandon ƙwai. Gaskiya ɗaya ce, ita ma tana da nata laifin, don da ta sassauta ta ja shi maƙabartar a kowace rana ce, da ba a kai ga abin da aka kai ba. Amma taurin kai a jinin gidan Tormod yake, kuma su biyun duk 'yan gidan ne.

A shekara ta uku aka cika shekara ɗari biyu da Kora, lokacin da wakilin mai ƙasa ya cinna wa rufin gidaje talatin wuta a kwarin sama, ya loda mutanen a jirgi zuwa Kanada, ya zuba tumaki a gonakinsu. Kwamiti ya ce dole a gina abin tunawa, aka gayyato jikokin waɗanda aka kora, mutum ashirin da shida suka amsa za su zo a watan Yuni. A watan Afrilu Dolina ta zame a bakin ɗakin kaji ta karya ƙugu, aka tafi da ita asibiti.

A zaman kwamiti ne wani ya tambaya inda za a samo duwatsu. Dougie ya ce ga su nan birjik a maƙabarta suna cinye masa wuƙaƙe. Ba baƙo ne ya kawo maganar ba, kuma ba baƙi ne suka ɗaga hannu ba, kada wani ya ɗora wa masu zuwa hutu. Duk wanda ke ɗakin ya san waɗannan duwatsun alamar kabari ne. Hector ya tashi ya yi jawabi mai daɗi, ya ce duwatsu ne marasa suna, babu su a littafin coci, babu su a taswira, kuma ai babu girmamawar da ta fi a haɗa talakawan Kilerran wuri ɗaya su tsaya wa 'yan'uwansu da aka kora. Aka tafa masa. Effie kaɗai ta ce a jira Dolina, sai aka ce mata baƙi sun riga sun yanki tikitin jirgi. Kwana biyu aka yi ana kwasa da baro. Bayan nan aka kawo ƙasa aka cike ramukan, aka daddaɓe, aka shimfiɗa sabuwar ciyawa. Ko hoto ɗaya babu wanda ya ɗauka kafin a fara, a kwamitin da ya kira kansa na tarihi.

Sau biyu Effie ta je asibiti, sau biyun labarin kaji ta yi ta dawo. Aka sallamo Dolina ranar Juma'a, washegari ne bikin. Ta ce a biya da ita maƙabarta ta gai da Ishbel, Effie ta ce ta huta tukuna, ta kau da fuska.

Asabar da hantsi Dolina ta ji mai busa algaita mai jakar iska ya fara a wurin bikin. Ta ɗauki sanda ta fito, tafiyar da a da take yi cikin minti biyar ta ɗauke ta rabin awa. Da ta iso ƙofar maƙabarta ba ta ko kalli taron ba, ta leƙa ciki don ta fara daga jan dutsen Ewen kamar kullum. Sai ta ga fili kore shar, sumul, daga ƙofa har bangon arewa. Ta ɗauka idonta ne, ta cire tabarau ta goge ta mayar.

Hector yana tsaye cikin kayan gargajiya, da takarda a hannu. Yana cewa, "An shafe sunayensu daga doron ƙasar da suka noma, amma mu ba za mu taɓa mantawa ba." Wata mata daga Kanada ta ja ƙyallen da aka rufe ginin da shi, aka yi tafi. Dolina ta ratsa jama'a a hankali, ta tsaya a gaban ginin, ta ɗaga sanda ta ƙwanƙwasa wani jan dutse.

"Ewen masaƙi," in ji ta.

Tafin ya fara mutuwa. Ta ƙwanƙwasa na sama. "Peigi matarsa. Wannan Angus Beaton ne, kakanka, Dougie, kai da ka turo shi a baro. Wannan tagwayen Morag ne, an raba su, ɗayan yana can gefe." Muryarta ba ta rawa, irin ta ubanta ce ranar lauje. Ta sunkuya da ƙyar ta taɓa wani baƙin dutse a can ƙasa, inda karen mai otal ɗin garin ya riga ya jiƙa da fitsari. "Wannan kuma Tormod ne, Malam Hector. Kakanka. Ka gaishe shi."

Hector ya matso yana magana ƙasa-ƙasa. "Gwaggo, don girman Allah, ba a gaban baƙi ba. Mu je gida in yi miki bayani."

"Baƙi? Ai 'yan gida ne." Ta juya ga matar da ta ja ƙyalle. "Ke 'yar nan, wane gida?"

Matar ta ce ita jinin MacPhail ce.

"Na kwarin sama. Kakar kakanninki Kirsty ta ƙi shiga jirgi, ta kwana a kango har sanyi ya kashe ta. Ga ta can ta uku daga hagu, an yi mata kwalliya da siminti. Da kin zo wata biyu da suka wuce, da na kai ki kin tsaya a kanta. Yanzu sai dai ki ɗauki hoto."

Matar ta rufe baki da hannu. Dolina ta juyo kan Hector, kuma a nan ne muryar ta tashi, har waɗanda ke bakin titi sun ji.

"Wakilin mai ƙasa da kake ta zagi a takardarka, masu rai ya kora. Matattu ya bar su inda suke kwance, don shi ma yana da sauran kunya. Kai ne ka zo ka ƙarasa masa aikin. Shekara talatin da biyar kana koya wa 'ya'yan mutane tarihi, ka dawo ka kwashe na gidanku da baro!"

Ba wanda ya motsa. Mai busa ya saki jakar busarsa tana ta huci ita kaɗai. Dolina ta ci gaba da bin ginin da ido tana hawa sama, leɓunanta suna motsi, sai ta tsaya. A can ƙoli, inda maginin ya ga zai fi kyau, aka ɗora farin dutse mai baƙar jijiya. Ta daɗe tana kallonsa.

"Sauko mini da ita."

Dougie ya ruga ya kawo tsani da guduma da kurfi, amma Hector ya karɓe ya hau da kansa, da gwiwar da likita ya hana durƙuso. Ya yi ta sara a gaban mutum ɗari har dutsen ya fita, simintin yana manne a gindinsa. Ya sauko yana rungume da shi, fuskarsa duk ƙura.

"Nuna mini, Gwaggo. Yau ɗin nan zan rushe ginin in mayar da kowa wurinsa, ɗaya bayan ɗaya. Ki nuna mini kawai."

Ta shiga maƙabartar, yana biye da ita, mu kuma muna tsaye a bakin katanga. Ta tsaya inda take jin jan dutsen yake, ta juya gabas ta yi taki uku. Amma takin mai sanda da sabon ƙugu ba takin da ba ne. Ta dawo ƙofa ta sake farawa. Ta kai Peigi, ta kai ɗan da ruwa ya ci, daga nan sai ta rasa ko ta karkata hagu da yawa. A da ba ta taɓa buƙatar auna komai ba, dutse ne ke miƙa ta ga dutse. Sau uku tana komawa ƙofa. A na ukun ta kai tsakiyar filin ta tsaya tana juyawa, ciyawar gabanta iri ɗaya da ta bayanta.

"A nan ne, Gwaggo?"

"Ko nan, ko can, ko can gaba." Ta dube shi. "Kai da ka yi karatu, gaya mini."

Ta miƙa hannu ya ba ta dutsen, ya yi mata nauyi, Effie ta zo ta karɓa ta naɗe a gyalenta, suka fita tare.

Hector ya yi ƙoƙari daga baya, ihu bayan hari. Ya kawo wasu mutane daga jami'a da na'urar da ke hango abin da ke ƙarƙashin ƙasa, suka yi mako guda suna turawa. Suka ba shi takarda mai ɗauke da inuwar kaburbura fiye da ɗari huɗu, wasu a kan wasu, na jarirai kaɗai a tsakiyar filin sun kai ashirin. Ya kai mata takardar, ta karɓa ta bakin ƙofa ta shimfiɗa wa kaji. Ginin kuwa bai rushe ba, don ko an rushe babu inda za a mayar da kowa, kuma kwamiti ya ce masu zuwa hutu suna sonsa.

Wata goma sha huɗu Dolina ta ƙara a duniya. Dutsen yana kan tagar kicin, ta kankare simintin da wuƙa har ya fita tas. Ba ta sake taka maƙabartar ba, ba ta sake kiran sunayen ba, kuma duk Lahadi Hector yakan ƙwanƙwasa ƙofa ya gaji ya tafi. Ba ta yafe ba, kuma ni ban ga dalilin da za ta yafe ba.

Effie ce Dolina ta bar wa wasiyya, abu uku. A kai ta sabuwar maƙabarta a tsallaken titi, tunda a tsohuwar ba a san kan wa za a haƙa ba. Kada a kafa mata komai a kai, don injin Dougie ya wuce lafiya. A sa farin dutsen a cikin akwatinta ta wajen kai. Effie ta tambaye ta batun igiya, don a Kilerran da igiya takwas ake saukar da mamaci, kuma ta wajen kai ta wanda ya fi kusa da shi a jini ce. Dolina ta ce, "Haƙƙinsa ne. Kada wanda ya hana shi."

Ranar binnewa mata ma sun zo bakin kabari. Aka kira igiyoyi, Hector ya fito ya karɓi ta fari. Da aka zare katakan da akwatin ke kai aka fara sassautawa, akwatin ya rinjaya ta wajensa, dutsen ya gangara ya bugi katako daga ciki, ƙum, kowa ya ji. Igiyar ta zame a tafin hannunsa ta ɗebe masa fata, ya dafe ta da hannu biyu.

Effie tana tsaye a bayansa, ba ta ko rage murya ba.

"Riƙe da kyau, Hector. Iyakar abin da ka bar mata ke nan."